Tambaya da Amsa: Wai da gaske kishin miji da himma abu ɗaya ne tunda asalinsu ɗaya a Latin?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare. Ƙanwata da aka yi wa aure bara ta turo mini faifan bidiyon wani mai ba ma'aurata shawara. A ciki yana cewa *jealous* da *zealous* kalma ɗaya ce a Latin, wato *zelus*, kuma ma'anarta tafasa, tafasar so. Don haka wai mijin da ke binciken wayar matarsa, yana hana ta zuwa gidan iyayenta, yana tuhumarta a kan duk wanda ya gaishe ta, himmar soyayya ce kawai ta yi masa yawa. Wai Turawa ne suka raba kalmar daga baya don su ɓata sunan kishi. Har ya kafa hujja da cewa a Attaura Allah ya kira kansa mai kishi. Abin da ya tayar mini da hankali, mijin nata ne ya tura mata faifan, kuma halinsa ke nan sak. Yanzu ta fara cewa wataƙila ita ce ba ta gane so ba. Na buɗe ƙamus don in ƙaryata mutumin, sai na tarar lallai asalin ɗaya ne, jikina ya yi sanyi. Malam, in tushen maganar gaskiya ne, ta ina zan ɓullo wa sauran?

AMSA:

Wa alaikumus salam Malama. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, kuma kada jikinki ya yi sanyi. Asalin ɗaya ne. Wannan ce kaɗai gaskiyar da ke cikin faifan, sauran duk ɗora mata aka yi. Tunda harshe ne sana'arki, ba zan tsaya ina gaya miki mene ne aron kalma ba, ko yadda Faransanci ya kwararo cikin Ingilishi bayan 1066. Bari mu bi sawun kalmar da ɗan hanzari, sannan in zauna a kan inda cutar take.

*Zelus* ba 'yar gida ba ce a Latin. Harafinta na farko ma ya tona mata asiri. Rumawa sun daɗe da yar da Z daga haruffansu, sai a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa suka dawo da shi tare da Y don rubuta kalmomin da suke ara daga Girkanci, shi ya sa har yau su biyun suke can wutsiyar abacada. Kalmar Girkanci ce, *zelos*. Manyan marubutan Rum ba su cika taɓa ta ba, domin suna da nasu: *studium* ga himma, *aemulatio* ga gasa, *invidia* ga hassada. Takan ɗan leƙo nan da can, kamar inda Bitrubiyus, mai littafin gine-gine, ya yi amfani da ita wajen ba da labarin yadda sarkin Masar ya ɗauki zafi ya tara littattafai a Iskandariyya don kada na Fergamon su fi shi. Amma abin da ya cika Latin da ita addini ne. Yahudawan Iskandariyya, tun daga ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, da suka juya littattafansu zuwa Girkanci, sun riƙa sa *zelos* a gurbin *qin'a* ta Ibrananci. Da malamin coci Jerom ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin tsakanin 382 da wajen 405, sai ya bar kalmar yadda take a wurare da dama. A littafin Fitowa na Attaura, 20:5, Allah *zelotes* ne, wato mai kishi. Daga mumbarin coci ta shiga bakin jama'a.

A bakin jama'ar ne ta rabu biyu, kuma ba wanda ya zauna ya raba ta. Talakan daular Rum yana furta Z kamar *dz*, har ta cakuɗe masa da *di* mai bin wasali. Muna ganin haka a rubuce-rubucen da suka rage: wani ya rubuta *zabulus* maimakon *diabolus*, wani *oze* maimakon *hodie*, wani kuma ya juya abin ya rubuta *baptidiare* maimakon *baptizare*. Wannan sautin shi ya gangaro ya zama *j*. Don haka siffar nan *zelosus* ta zama *geloso* a Italiya, *gelos* a kudancin Faransa, *jalos* a arewa, wadda yau take *jaloux*. Ba ita kaɗai abin ya sama ba. Citta *zingiber* ce a Latin, ta koma *gingembre* da *ginger*. 'Yar'uwar magaryarmu *zizyphum* ce, ta koma *jujube*. Bakin Bahaushe ma yakan yi irin wannan ba tare da ya koya wurin Rumawa ba: kaza, kaji, ciza, cije.

Ingilishi ya karɓi ta bakin jama'ar ta hannun Faransanci a farkon ƙarni na 13, ana rubuta ta *gelus*. *Zeal* ta shigo a ƙarshen ƙarni na 14 ta hanyar littattafan addini, *zealous* kuwa sai a ƙarni na 16, lokacin da masu karatu suka koma kan Latin ɗin takarda suka sake aro kalmar da Z ɗinta. Shekara wajen 300 ke nan tsakanin tagwayen. Wane irin makirci ne za a shekara 300 ana ƙulla shi? Har a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi ta Sarki James ta 1611 ba su gama rabuwa ba: a 1 Sarakuna 19:10 Annabi Iliya yana cewa ya kasance *very jealous* saboda Ubangiji, inda fassarorin yanzu suke cewa *zealous*.

Irin waɗannan tagwaye muna da su jingim a Hausa, sai dai ba mu lura. Kalmar Larabci guda takan shigo mana sau biyu, sau ɗaya ta bakin fatake da talakawa da *al* ɗinta a manne ya lauye, sau ɗaya ta bakin malamai daga littafi. Ladabi da adabi. Laifi da aibi. Lissafi da hisabi. Waɗannan biyun na ƙarshe duk *al-hisab* ce. To, Malama, yaron da ya faɗi jarrabawar lissafi a makarantarku, an taɓa cewa ya faɗi hisabi? Wanda ya karanta adabi a jami'a, dole ne ya kasance mai ladabi? Na san da yawa da ba haka suke ba.

Nan ne cutar take, kuma ita ce nake cin karo da ita kullum, a aji, a taron lacca, a saƙonnin waya: zaton cewa asalin kalma shi ne ma'anarta ta gaskiya, abin da mutane ke nufi da ita yau kuwa gurɓacewa ce ko maƙarƙashiya. Wannan zato ya fi jahilci tsantsa illa, domin yana zuwa ne sanye da rigar ilimi. Mutum ya ambaci Latin, ya ambaci Girkanci, ya rubuta baƙaƙe biyu a allo, sai kowa ya yi tsit. Alhali ma'anar kalma tana wurin masu magana da ita a zamaninsu. Tarihinta yana gaya mana hanyar da ta biyo, ba ya yanke hukunci a kan halin kowa. *Nice* daga *nescius* take, wato jahili. Ki gwada ce wa shugabar makarantarku ai da kika ce mata *nice* jahila kike nufi, ki ga ko tarihi zai cece ki.

Mu ɗauki maganar tafasa tukuna. Tsohon hasashe ne, ya daɗe yana yawo a littattafan wa'azi, cewa *zelos* daga *zeo* take, wato tafasa. Daɗin faɗa gare shi, shi ya sa ya ƙi mutuwa. Amma a karin harshen Doriyawa na Girka kalmar *zalos* ce, da dogon *a*, kuma wannan wasalin ba ya daidaita da tushen tafasa. Masana tarihin Girkanci na yanzu sun fi danganta ta da kalmomin nema da bi, irin su *zeteo*. Ko da ma a ce tafasar ce, to sai me? Fushi ma ai tafasa yake sa zuciya.

Sai babbar maganar. Mai faifan yana so ƙanwarki ta ɗauka cewa mutanen da, tunda kalma ɗaya gare su, ba su bambanta himma da baƙin kishi ba, sai da Turawan baya suka zo. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma su mutanen dan ne da kansu suke ƙaryata shi, ɗaya bayan ɗaya.

Hesiyod, mawaƙin Girka, wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, yana cikin mafi daɗewar waɗanda suka bar mana kalmar. A waƙarsa ɗaya ya siffanta Zelos a matsayin ɗan'uwan Nasara da Ƙarfi, mazaunin fadar babban abin bautarsu. A ɗaya waƙar kuma ya lissafa shi cikin masifun lalacewar zamani, mai mugun baki, mai murna da sharri, mai munin fuska. Mutum ɗaya, kalma ɗaya, fuska biyu, kuma bai ruɗe ba. Arisɗo, a littafinsa na balaga, ya ware babi guda ga *zelos*, babi guda ga *phthonos*, wato hassada. A wurinsa mai *zelos* shi ne wanda ya ga alheri a hannun wani sai ya tashi ya nemi irinsa, mai hassada kuwa shi ne wanda ya tashi don ya hana maƙwabcinsa samu. Kusan abin da malamanmu ke faɗa ke nan tsakanin gibɗa da hassada. Ki lura, a babin nan ba maganar miji da mata ake yi ba sam. Kishin masoya Girkawa sun ƙera masa kalmarsa daban, *zelotypia*, suka haɗa *zelos* da tushen da ke nufin duka ko bugu. Da Sisero, marubucin Rum, ya zo a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa yana lissafa ire-iren ciwon zuciya, ya sa wannan kalmar a cikinsu. Ya kuma faɗa ƙarara cewa *aemulatio* iri biyu ce, akwai ta yabo akwai ta zargi.

Littattafan addinin da mai faifan ya fake da su kuwa sun fi kowa tsananta wa maganarsa. Wasiƙar Yakubu 3:14 ta yi gargaɗi a kan *zelum amarum*, kishi mai ɗaci. Bulus, wanda a wani wuri ya yi alfahari da nasa *zelos*, shi ne ya jera kalmar a Galatiyawa 5:20 tare da gaba da jayayya da fushi. A ƙarni na 6 Benedikt ya rubuta wa sufayensa na Monte Kasino ƙa'idojin zama, babi na 72 kacokan a kan wannan ne: akwai mugun *zelus* mai ɗaci da ke raba mutum da Allah ya kai shi wuta, akwai kuma na kirki. Da ya zo bayyana na kirkin, abin da ya lissafa shi ne rige-rigen girmama juna, da haƙuri da raunin juna, da fifita amfanin ɗan'uwa a kan na kai. Ba tsaro a ciki, ba tuhuma.

Ga kuma wadda nake so ki riƙe da kyau. A littafin Ben Sira, wanda aka rubuta wajen shekara 180 kafin haihuwar Annabi Isa, yake kuma cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika, babi na 9 ya buɗe ne a Latin da *non zeles mulierem sinus tui*. Wato kada ka yi kishin matar da ke ƙirjinka, kuma dalilin da ya bayar shi ne kada ka koya mata mugun darasin da zai dawo kanka. Fi'ilin *zelus* ɗin nan ne dai da mai faifan yake tinƙaho da shi, ga shi an kawo shi don a hana miji abin da shi yake halatta masa. Wanda ya san Latin har ya isa ya yi wa mutane wa'azi da ita, ai ya kamata ya san wannan jimlar. In bai sani ba, to bai isa ya yi wa'azin ba. In kuwa ya sani ya ɓoye, wannan kuma wata magana ce.

Batun Allah mai kishi ba ya buƙatar dogon zance. Siffar Ibrananci a wurin *qanna* ce, kuma a wannan sigar ba a amfani da ita sai ga Allah. Duk inda ta zo, a Fitowa 20 da 34 da kuma Maimaitawar Shari'a, maganar gumaka ake yi, wato ba ya yarda a haɗa shi da wani a bauta. Miji ba abin bauta ba ne, gaisuwar maƙwabci kuma ba shirka ba ce. Fatawa ba aikina ba ce, amma a ɓangarenmu na Musulmi ma ai maganar a fili take. Kalmar Larabci *gaira* ce. Hadisin Sa'adu ɗan Ubada da ke Buhari da Muslim ya jingina ta ga Annabi (SAW) da kuma Allah, wani hadisin kuma da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito ya raba ta biyu, akwai wadda Allah yake so, akwai wadda yake ƙi, wadda yake ƙi ita ce kishi ba tare da wani abin zargi ba. Ki ga dai, duk inda aka samu kalma ɗaya mai ɗaukar abu biyun nan, sai an samu masu hankali sun tsaya sun ja layi a tsakiyarta.

Akwai kuma wani kuskuren da ke laɓe a ƙarƙashin faifan, wato ɗaukar cewa in aka samu aka mayar da kishi himma, to an wanke shi. Wa ya ce himma kullum tsarkakakkiya ce? Daga tushen nan ne aka samu *zealot*. A tawayen Yahudawa ga Rum da ya fara a shekara ta 66, wani ɓangare na 'yan tawayen sun kira kansu masu kishi, suna koyi da Finehas na Littafin Ƙidaya 25. Josefus, Bayahude marubucin tarihi, wanda ya ga yaƙin da idonsa, ya ce sun ɗauki sunan ne kamar alheri suke wa kishi alhali mugunta suke wa. A yi hattara da shi, domin ya sauya sheƙa ya koma wajen Rumawa, ba ya ƙaunarsu. Amma ya ba da labarin yadda ɓangarorin suka riƙa kashe juna a cikin birnin Ƙudus, har suka ƙona rumbunan hatsi, kafin Titus, jagoran sojojin Rum, ya rushe Haikali a shekara ta 70. Tun ƙarni na 17 *zealot* a Ingilishi ta zama sunan mai tsattsauran ra'ayi. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun san *excès de zèle*, himmar ɗan ƙaramin ma'aikaci da ke mayar da kai gida saboda hoton fasfo ya karkace. Faransawa har yajin aiki gare su da sunan himma, *grève du zèle*, inda jami'an kwastan za su bi kowace doka ƙeƙe-da-ƙeƙe har layi ya kai gari na gaba. *Gaira* ɗin Larabci ma haka ta yi. A Turkanci ta zama *gayret*, ƙoƙari da ƙwazo. A Urdu ta zama *ghairat*, kuma da sunanta ake kiran kisan da dangi ke yi wa mace wai don kare mutunci.

In dai tarihin kalma za a bi don a yi wa mijin ƙanwarki shari'a, to tarihin bai yi masa daɗi ba. A lokacin da *gelos* ta fara bayyana sosai a rubuce, a waƙoƙin mawaƙan kudancin Faransa na ƙarni na 12 da na 13, *gilos* sunan wani mutum ne da kowa ya sani a waƙa: mijin nan mai tsaro, abin dariya, abin tsana. Akwai dogon labari a waƙe daga ƙarni na 13 inda irin wannan miji ya kulle matarsa a hasumiya, shi kuma ya bar wanka da aski, ya zama kamar mahaukaci yana gadin ƙofa. Kin san tagar nan mai falle-fallen katako ko gilashi da ake karkatawa, na ciki ya ga waje, na waje ba ya ganin ciki? Sunanta a Faransanci *jalousie*, a Italiyanci *gelosia*, a Sifaniyanci *celosía*, har Rashanci da Turkanci sun ara. Kishi ke nan aka sa wa taga suna da shi. A Sifaniyanci kuma *celo* himma ce, jam'inta *celos* kishi ne, amma in aka ce dabba tana *en celo* to barbara take nema. A harshen Fotugal tushen nan guda ya haifi *zelo*, himma, da *ciúme*, kishi, da *cio*, neman barbarar dabba, da *zelador*, mai kula da gidan bene. In asali ne ke yanke ma'ana, sai mai faifan ya zaɓa mana wanne ne a ciki mijin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, Bahaushe ne ake ruɗa da wannan, alhali shi ne ya fi kowa rashin buƙatar Latin a kan batun. Kishi ai kalma ɗaya ce a bakinmu. Muna cewa kishin ƙasa, kishin addini, kishin kai, kishin zuci, duk yabo. Muna kuma cewa kishiya, muna cewa baƙin kishi, muna cewa kishi kumallon mata. Abin da Latin ta yi shi Hausa take yi yau da rana tsaka, kuma ba a taɓa samun tsohuwar da ta kasa bambanta ɗan kishin ƙasa da matar da ta watsa wa amarya ruwan zafi ba. Jamusanci yana da *Eifer* da *Eifersucht*, Rashanci yana da *revnost* mai ɗaukar duka biyun, kuma babu ɗayansu da ya fito daga *zelus*. Harsuna da yawa sun lura cewa zafin da ke sa mutum ya tsaya wa abin da yake ƙauna yana maƙwabtaka da zafin da ke sa ya shaƙe shi. Sun lura da maƙwabtakar, ba su ce gida ɗaya ba ne.

Masu irin wannan sana'a, ta tsinto kalma a yi mata hawan ƙawara, sun yi yawa yanzu, kuma wayar hannu ta ba su kasuwa. Shi naku ma ya yi sa'a asalin da ya kawo daidai ne. Yawancinsu kamannin sauti kawai suke bi. Za ki ji an ce New Zealand ƙasar masu himma ce, alhali sunan lardin Zeeland na Holan ne, ƙasar teku, aka sa mata bayan tafiyar Abel Tasman ta 1642. Za ki ji an haɗa *geloso* da *gelato*, wai kishi sanyin zuciya ne, alhali ta biyun daga *gelu* take, ƙanƙara. A gida kuma an ce Hausa daga hau sa, an ce boko daga *book*, har jaridun duniya suka yi ta maimaitawa, sai da Farfesa Paul Newman ya rubuta maƙala a 2013 ya nuna boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus da yaudara, irin ta amaryar boko. Ba jahilai kaɗai ke faɗawa ramin ba. Cikin almajiran Annabi Isa akwai Siman, wanda Luka ya kira *Zelotes*, mai kishi. Matiyu da Markus sun bar laƙabin da harshen Aramaik, suka rubuta shi da haruffan Girkanci. A Aramaik da Ibrananci kalmar kishi da *qof* take farawa, ƙasar Kan'ana kuwa da *kaf*, bambanci irin na ƙ da k a wurinmu, kamar ƙishi da kishi. Girkanci ma ya rubuta su da haruffa daban, amma masu fassara na baya suka cakuɗa su. Sakamakon haka fassarar 1611 ta kira mutumin Bakan'ane, aka yi ɗaruruwan shekaru ana karanta shi haka. Ƙugiya ɗaya ta faɗi, an canza wa bawan Allah ƙabila.

Don haka duk wanda ya zo miki da asalin kalma, ki tambaye shi a wane rubutu aka fara ganinta kuma yaushe, ki tambaye shi ko canjin sautin da yake da'awa ya faru a wasu kalmomin, kamar yadda na nuna miki da citta da magarya. In ya tsallake waɗannan, sai ki yi masa ta ƙarshe, wadda ita ce ke kayar da su: to, da ka gaya mana inda kalmar ta fito, me ya haɗa wannan da abin da kake so mu yi? Ɗalibanki na aji shida za su iya koyon wannan, kuma zai amfane su fiye da haddar ma'anoni.

Game da ƙanwarki, kada ki tsaya jayayyar Latin da mijinta, ba Latin ce ta dame shi ba. Da bai samu wannan faifan ba da ya samo wani. Ita za ki zauna da ita, ki ajiye kalmomin gefe, ki sa ta faɗi ayyukan da bakinta: yaushe rabonta da gidanku, wa take tsoron ɗaga wa waya, me yake faruwa in ta yi jinkirin amsa kira. Raba mace da danginta, da tuhumar da ba ta da tushe kuma ba ta ƙarewa komai rantsuwa, abubuwa ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani. Akwai nau'in da ya kai ga ciwo, wanda wasu likitoci biyu a Ingila suka sa wa sunan Othello, mijin nan mai baƙin kishi na wasan kwaikwayon Shakespeare, a 1955, ke kuwa kin san yadda wasan ya ƙare tunda kina koyar da shi. Ban ce mijin yana da wannan ciwon ba, likita ne zai faɗa. Amma maganar ta wuce a bar ta tsakanin ku biyu a waya. Ki sanar da iyayenku da waliyyinta tun yanzu, su kira magabatansa a zauna. In kuwa ya taɓa ɗaga mata hannu ko ya yi mata barazana, kada a jira ranar zaman, a ɗauko ta gida tukuna, sannan a kai maganar gaban alƙali.